Mai Akwati Ba Likita Ba Ne

Shekarar da sanƙarau ya shigo Sakkwato, Turawa ba su daɗe da kama gari ba. Fawa nake yi a lokacin. Unguwarmu, bayan Ƙofar Taramniya, kullum sai an fita da gawa. Na binne matata. Ɗiyata kaɗai ta rage, ita ma wuyanta ya ƙage.

Aka ce likitan Turawa zai zo. Da hantsi sai ga wani baƙin mutum da fararen kaya, akwati a ka. Mutumin Kudu ne, Kirista. A zamanin, wanda ya ga fararen kaya da akwati, likita ya gani. Na ɗauko yarinyar zuwa zaure, na tuɓe takalma, na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya.

"Ranka ya daɗe, likita, ga ta."

"Sa takalmanka, malam," ya ce. "Ni ba likita ba ne. Likitan ne ya turo ni in duba gidaje, in dafa ruwa. Shi yana ƙauyen Dundaye."

"Buɗe akwatin ka ba ta wani abu. Komi."

"Sabulu ne da tsumma. In na ce magani ne, zama za ka yi. Je ka taho da likitan, zan tsaya da ita."

Na zage shi, na fita da gudu.

Da la'asar na dawo da likitan. Tun azahar ta cika. Da ruwan da mutumin ya dafa aka yi mata wanka.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na sami mai akwatin a zaure, ya tuɓe nasa takalman.

"Da ka yi mini ƙarya," na ce, "da a hannuna za ta cika."

Bai musa ba. Can ya ce a littafinsu akwai wani mai wa'azi a bakin kogi. Jama'a suka so su ɗauke shi wanda ake jira. Ya ƙi. Ya ce share hanya kawai aka aiko shi, ko igiyar takalmin mai zuwa bai isa ya kwance ba.

"Shi ɗin, mi ya samu?"

"Kansa aka sare."

"To ka gani."

Ban karɓi gaisuwarsa ba ranar. Ya ɗauki akwatinsa ya shiga gidan maƙwabcina. Ta katanga na ji an ce masa likita, na ji ya ce a'a.