Gadon da Bi Kazija Ta Saƙa

Duk tsibirin Tumbatu babu wanda bai san Bi Kazija ba, amma in ka ce a nuna maka wanda ya zauna ya sha shayi da ita a makon nan, ni kaɗai za a nuna. Ni ce Mboja mai suyar kifi a bakin tashar kwalekwale, ita kuma tukar igiya take yi. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya, ko da yake ba mu haɗa komai ba sai katanga da rijiya.

Mijinta Sheha ruwa ne ya ci shi tun 'yarsu Semeni tana firamare. Bai bar mata komai ba sai gida mai ɗaki biyu, da rediyo mai ɗaurin waya, da kuma cutar ƙwallo. E, ƙwallo! Tsohuwa da furfurarta, ran Asabar da yamma sai ka ji ta ta bayan katanga tana ihu, "Buga mana, ɗan banza! Ƙafar aro gare ka?" Ba ta taɓa ganin filin ba, ba ta san fuskar ɗan wasa ko ɗaya ba. Na taɓa ce mata, "Yaya, ki ji tsoron Allah, mutane za su ce kin taɓu." Ta ce, "To da wa zan yi faɗa a gidan nan? Ki bar ni da su." Tun ranar ban sake yi mata tsiya a kan rediyon ba.

Aikinta na haƙuri ne, irin wanda ni ko da kuɗi ba zan iya ba. In ruwa ya janye sai ta ɗauki ɓawon kwakwa ta gangara cikin taɓo, ta haƙa rami ta binne, ta danne da duwatsu. Kowace mace ta san tsibin duwatsunta, ba mai taɓa na wata. Sai ɓawon ya yi watanni yana shan ruwan gishiri kafin ta tono shi, ta ɗora a kan kututture ta yi ta bugu da kulki har zarensa ya saki, ta wanke, ta shanya, sannan ta zauna a ƙofar gida tana murzawa a cinya. Cinyarta ta dama ko gashi ɗaya babu, ta yi santsi kamar bayan cokali.

Semeni ta yi karatu, ta auri Shabani, wani ma'aikacin banki a Darussalam. Yarinya ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Tana aiko da sukari da zannuwa, ita ta saya wa uwar waya. Amma zuwanta sai da sallah, sallar ma ba kowace ba, kuma in ta zo ido ɗaya yana kan uwarta, ɗayan yana kan teku kada kwalekwalen yamma ya tashi. Ranar da ta tafi kuwa, Bi Kazija ba ta ɗora tukunya. Ni nake miƙa mata kifi ta saman katanga, da safe in tarar kyanwa ce ta ci.

Wata safiya sai ga ta a wurin suyata, ko mayafi bai zauna mata daidai ba.

"Mboja! Semeni na da ciki!"

"Alhamdu lillahi! Wata nawa?"

"Ke dai bari, ƙarami ne. Ba ni aron kwandonki, ruwa zai dawo."

Ban tambaye ta me za ta yi da kwando ba, na sani. A wurinmu haihuwar fari gidan uwa ake jegonta. Mai jego tana kwanciya a gadon igiya, a tura kaskon garwashi ƙarƙashi, ɗumi ya riƙa ratsa igiyar yana shiga bayanta. Uwa ta shafe ta da man kwakwa, ta ɗaure mata ciki da zane, ta dama mata kunun masoro, har a yi arba'in. Katifa ba ta wannan aikin, ɗumi ba ya ratsa ta. Gadon Bi Kazija kuwa, wanda ita kanta ta yi jego a kai, igiyarsa ta ruɓe tuntuni. Da ta so, da ta ɗebi igiyar da take sayarwa ta saƙa shi a wuni biyu. Ta ce a'a, 'yarta ba za ta kwanta a kan igiyar ɗaure jaki ba, sabon ɓawo za ta binne da sunanta.

Kwana arba'in da 'yarta a ɗaki ɗaya. Abin da take so ke nan a duniya, kuma ba ta ɓoye ba. "Tun da ta tafi makarantar kwana ba mu yi mako guda tare ba," in ji ta. "Wannan karon dole ta zauna. Mai jego ina za ta?"

Na ce, "Kin dai tambaye ta ko za ta zo?"

Ta harare ni. "Ana tambaya ne? Ke uwarki tambayarki ta yi?"

Na miƙa mata kwandon, ta gangara bakin ruwa.

Ciki yana girma a can, ɓawo yana nuna a nan. Da ta tono shi, bugun kulkinta har masallaci ana ji. Igiyar da ta tuka siririya ce, sumul, ban taɓa ganin irinta a hannunta ba. Pandu mai kwalekwale ya gani ya taya, ta ce ko jirginsa zai ba ta ba ta sayarwa. Ya ce, "To Allah Ya sa sarauniyar ta zo." Ta bi shi da kulki har bakin hanya. Ni na riƙe mata gefe ɗaya muka ja saƙar, har tafin hannuna ya yi bororo. Ta sayi gawayi buhu guda, ta matse man kwakwa kwalba uku, ta ware zakaru biyu ta hana kowa kallonsu. Rediyon ma ta daina kunnawa, wai tana koya wa kanta shiru saboda jariri.

Haihuwa ta zo da gardama, sai da aka yi wa Semeni aiki. An samu ɗa namiji, uwa da ɗa lafiya. A gabana Bi Kazija ta yi sujada a tsakar gida. Bayan kwana biyu ta kira Semeni, ta sa wayar a kunne ta juya mini baya, amma ina ji.

"Yaushe za ku taso?"

"Mama, likita ya ce kada in hau ruwa yanzu. Ɗinkin bai warke ba. Maman Shabani tana nan tana kula da ni."

"Tana da kasko?"

"Haba Mama, a bene muke fa. Ke ki zo mana, za mu aiko miki da kuɗin jirgi."

"In zo in yi me a gidan suruki? In zauna a kujera ina kallon wata tana shafa miki mai? Ki warke dai. Gado yana nan."

Na yi mata faɗa ranar, wallahi na yi. Na ce ta tafi, 'yarta ce, jikanta ne, wa ya damu da kasko? Ta ce ban gane ba. Kuma gaskiya na gane, haushi ne kawai ya ishe ni, na rasa wanda zan sauke wa.

Aka yi suna ba ita, aka yi arba'in ba ita. Zakara ɗaya ya mutu don kansa.

Sai da yaro ya fara riƙe wuya suka ce za su zo. Tun da asuba ta yanka ɗayan zakaran, ta share ɗaki, ta turara shi, ta hura gawayi. Na ce, "Yaya, jegon fa ya wuce." Ta ce bayan mace ba ya sanin kwanan wata, in bai sha ɗumi ba zai tambaye ta da tsufa.

Da hantsi Pandu ya sauke su: Semeni, da mijin, da jariri cikin farin tawul. Jaka ɗaya ce a hannunsu, 'yar ƙarama. Ni na ga jakar, ita ma ta gani. Ta karɓi jikanta ta yi ta shinshina kansa tana kuka tana dariya. Semeni ta shiga ɗaki ta tsaya.

"Kai, Mama! Ke kika yi wannan? Shabani, zo ka ga gado!"

Ta shafa igiyar, ta zauna a bakinsa, ta kwantar da yaron aka ɗauke su hoto. Sai ta hango kaskon a gindin bango.

"Mama, don Allah a fitar da wutar nan, hayaƙi ba shi da kyau ga ƙirjinsa."

"Ba hayaƙi, ta riga ta ruru. Ki ɗan kwanta ko na awa ɗaya ne, in shafa miki mai."

"Wallahi na warke, Mama, dubi ni. Kuma kayan nan ne kawai a jikina, kada su yi ƙauri."

Bi Kazija ta sa tsumma ta ɗauki kaskon ta kai bayan ɗaki. Suka ci shinkafar kwakwa da naman zakara, mijin ya yaba, ya ƙara. Ana kiran la'asar ya fara duba agogo, gobe Litinin, akwai aiki. Semeni ta rungume uwarta a bakin ruwa, ita ma da hawayenta. "Da babbar sallah za mu daɗe, in sha Allahu." Uwar ta ce, "Allah Ya kai mu," ta gyara wa yaron hula.

Na kwashe kaskon suyata da wuri, na ɗebi kifi biyu na shiga gidan ba sallama. Tsakar gida ba kowa. Na leƙa ɗakin, sai na gan ta kwance a kan sabon gadon, fuskarta wajen bango, kaskon yana ƙarƙashi, ta ƙara masa gawayi. Kwalbar man kwakwa tana gefenta a buɗe, ta shafa iya inda hannunta ya kai.

"Yaya?"

"Wutar ta riga ta kama," ta ce, ba ta juyo ba. "Ba na son ta tafi a banza."

Na ajiye kifin a kan taga, na zauna a bakin gadon, na tsiyaya man a tafin hannuna. Bayan nata duk ƙashi ne. Na fara daga kafaɗa, a hankali, kamar yadda ake yi wa mai jego.

Can ta ce, "Ɗumin yana ratsawa sosai, Mboja. Da ta kwanta, da ta ji daɗinsa."