Ragowar Kwanon Baba

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na dawo daga makaranta na tarar babu kabad ɗin jeren Umma a ɗaki. Sai shatinsa kawai a jikin bango, fari fat, kamar wata ƙofa da aka toshe. Na yi sallama, muryata ta dawo mini. Ɗakin da na taso a ciki bai taɓa amsa mini magana ba sai ranar.

A Jikwoyi muke zaune, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Baba, wanda masinja ne a wata ma'aikata a cikin gari, ya saki Umma tun kafin ruwan farko, ya ɗauki jakarsa ya fita, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Da idda ta cika, sai Baffa, yayan Baba, ya aiko cewa zai zo ya kwashe ni da ƙanena Sadiku zuwa ƙauye, tunda babu mai ciyar da mu. Umma ta kai ƙara kotu tana neman riƙonmu da kuɗin ciyarwa. Maƙwabciyarmu Maman Ladi, 'yar Filato mai tuyar ƙosai, ita ta haɗa ta da wani lauya. Mutumin kirki ne, amma ba ya shiga kotu sai an sallame shi. Abin da Umma ta mallaka kuwa kayan ɗakinta ne na aure. Duk zaman kotu sai Iya dillaliya ta zo ta ɗauki wani abu ta kai kasuwar Karshi: yau kabad, gobe katifa, jibi tukwane. Mukan yi carafke a gurbin gado, duwatsun suna ƙara kamar a cikin kogo.

Abu guda ne Umma ba ta daina ba. Kullum in ta sauke tuwo sai ta zuba a kwanon Baba, farin nan mai murfi da zanen jan fure, ta ce in kai soro in ajiye bayan ƙofa kafin magariba. Na tambaye ta na wa ne, ta ce, "Na mai rabo ne, ke dai ki rufe da kyau." Da safe in na je ɗauka kafin ɗiban ruwa, sai in tarar an ci. Ba cin akuya ba ne, ba kuma na yaran gida ba. An ci gefe guda tsaf, an bar loma biyu a gefen dama, an ɗora tsokar nama a kai in akwai. Haka Baba yake bar mana ragowa tun muna rarrafe, ɗaya tawa, ɗaya ta Sadiku. A raina na gama yarda Baba ya rasu ana ɓoye mana, fatalwarsa ce take zuwa. Nakan ratsa soron nan a guje ina karanta Ayatul Kursiyyu, amma ban taɓa barin lomata ba.

Ana gobe zaman ƙarshe, kuɗin lauya bai cika ba, ɗaki kuma ya koma tabarma da buta. Iya ta ɗaga kwanon tana juyawa, ta ce, "Maman Sadiku, irin wannan na da ne, an daina yinsa. Shi kaɗai zai cike miki." Umma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dube mu. Ta wanke shi da kanta, ta goge da gefen zanenta, ta miƙa.

Alƙali ya bar mu a hannun Umma, ya kuma yanka wa Baba abin da zai riƙa bayarwa duk wata. A kotun ne aka bayyana cewa an daɗe da sallamarsa daga aiki, a wani masallaci yake kwana. Umma ta sani tun farko, ta kuma san shi ne mai rabon nan. Maman Ladi ta taɓa ganin bayansa yana fita daga soronmu. Da yammacin ranar Umma ta zuba tuwo a roba, na kai. Da safe na same shi yadda na ajiye, ya yi sanyi, tururuwa ta zagaye shi. Haka washegari, haka har ta daina zubawa. Kuɗin ciyarwa bai taɓa zuwa ba, da wankau da ɗinkin hula ta raine mu. Bayan shekaru muka ji rasuwarsa a wani gari. Allah ya jiƙansa, ya jiƙanta.

Yanzu an rushe gidan an yi shaguna, matan da aure ya mutu musu kuma ta waya ake turo musu kuɗin yara, ba sai an haɗa ido ba. Ni dai har yau in maigidana ya bar wa yara ragowa, sai na tsaya ina kallon kwanon. Mun samu Umma gaba ɗayanta, amma lomar nan biyu ita ce ciyarwar Baba ta ƙarshe.