Filin Shekara Hamsin

Shekara uku ke nan yayana bai taka gonarmu ta Kakangi ba. Tun da mutanen daji suka tashi ƙauyen, ya dawo Birnin Gwari da iyalinsa, ɗaki biyu a bayan shagona. Mutumin da ke cika rumbu huɗu ya koma zaman benci, yana kallon masu babura.

Ni fatauci nake yi, ina kai wake har Tamale a ƙasar Gana. A can na ga fili a bayan gari, ƙasa ja mai kyau, ba ƙarar bindiga. Na ce wannan na Yaya ne.

Sayen ƙasa a can ba kamar namu ba ne, da za a kira mai unguwa da shaidu biyu a zagaya iyaka a yi fatiha. Sai da na kai gaisuwa wurin sarkin yankin ya ba da takarda. Mai awo ya zo ya kafa duwatsu. Lauya ya je ofishin filaye ya bincika ko an taɓa sayar wa wani. Wata biyar ina safa da marwa. A ƙarshe lauyan ya faɗa mini abin da ya kamata ya faɗa tun farko: baƙo ba ya mallakar ƙasa, haya ce ta shekara hamsin, in ta ƙare a nemi sabuntawa.

Na zo da takardun gida don Yaya ya dangwala hannu. Bayan la'asar na karanta masa, ban ɓoye komai ba.

"Hamsin?" ya ce. "To, Alhajin wake, da wayonka aka ba ka aro ka ce ka saya?"

"Yaya, shekararka sittin da ɗoriya. Hamsin ba ta ishe ka ba?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ni ta ishe ni. Jikan da aka haifa mini bara fa? Yana da furfura za a ce ya kwashe kayansa. Ni na san yadda ake kwashe kaya da furfura."

Na ce masa gonar gado da ba ka iya shiga, da ta haya da za ka noma bana, wacce ce gona? Gaskiyata ce, amma ban ji daɗin faɗinta ba.

Bai dangwala ba. Ya ce in sa sunana, shi yana da gona, ranar da daji ya lafa yana son a same shi kusa.

Ran da zan koma, na tarar da shi a tasha da ƙullin buhu. Irin dawarmu ce, wadda ya fito da ita ran gudu.

"Ta kwana uku ba ta ga ƙasa ba," ya ce, yana nufin damina uku. "In ta ƙara ɗaya ba za ta tsira ba. Ka shuka a filin naka. In ta yi, ka kawo mini zangarniya goma."