Mai Walda da Littafin Auta

Mijina mai walda ne, shekara ashirin da biyu yana ƙona ido a rumfa ɗaya. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, ba abin da ke gagararsa sai Turanci. Aji uku ya yi aka cire shi, ƙaninsa kuwa ya zarce har ya zama malamin makaranta.

Da 'yarmu Auta ta shiga sakandare, kullum da yamma sai ta suri jaka ta nufi gidan Baffanta yin aikin gida. In ta dawo baki ba ya rufuwa: Baffa ya ce kaza, Baffa ya ce kaza. Kishi ya kama mijina har abinci ya daina shiga. Ni ma haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Mu da haihuwa, wani da cin yabo?

"Yarinyar nan ta sake uba," in ji shi. "Ni yanzu na biyan kuɗin makaranta ne kawai."

Wani mako aka ba su Auta jimlolin sharaɗi na Turanci a makaranta, irin su "da a ce kaza, da kaza ya faru", kowa ya rubuta biyar na kansa. Mijina ya ga littafin a kan tabarma, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ɗauki alwashin sai ya ji abin da ta rubuta, don ya tabbata duk Baffa ne a ciki. Ko rigar aiki bai cire ba ya fita da littafin zuwa gidan ƙaninsa, na bi shi don kada a yi abin kunya.

"Karanta min, malam," ya ce wa ƙaninsa, yana gatse. "Kada ka tsallake ko ɗaya."

Ƙanin ya gyara tabarau, ya yi ta fassarawa. Da tana da mota, da ta zama likita, shirmen yara dai. A ta biyar ya tsaya.

"Yaya, wannan ba a gabana ta rubuta ba."

"Karanta dai."

Ya karanta a hankali: "Da babana ya iya Turanci, da ba na zuwa gidan kowa."

Mijina ya karɓi littafin da hannu biyu, ya ce a nuna masa layin. Aka nuna masa, ya ɗora yatsa a kai ya daɗe yana kallo, bai iya karanta ko kalma ɗaya ba.