Ruwan da Ya Daskare a Fiffike

Shekara huɗu na yi ina makanikin jirgin sama a wani ƙaramin kamfanin ɗaukar kaya a Dubai. A unguwar Muhaisnah nake kwana, mu shida a ɗaki. Aikina in bi jirgi duk inda za shi, in duba lafiyarsa, in rattaba hannu a takarda. In ban rattaba ba, jirgi ba ya tashi. Bizata kuwa a hannun kamfanin take, kuma a lokacin da nake ba da labari saura wata biyu ta ƙare.

Da hunturu muka kai kaya wani ɗan filin jirgi a wata ƙasa mai duwatsu, can arewa da Dubai. Motar feshin narkar da ƙanƙara guda ɗaya gare su, ita ma ta lalace. Muna gama sauke kaya da hantsi aka fara yayyafi. Ruwa ne zalla yake sauka, amma da ya taɓa ƙarfe sai ya daskare nan take. Irin wannan ƙanƙarar ido ba ya ganinta, kuma in ta kwanta a fiffike, iska ba ta ɗaga jirgi yadda ya kamata.

Kyaftin ɗin jirgin ya leƙo ta taga ya ce, "Yalla, habibi, mu tafi! Fiffike tas yake, ina gani daga nan."

Na hau tsani, na cire safar hannu, na shafa. Santsi kamar bayan kwalba. Na kankara da farce, ban taɓa fenti ba. Na ce, "Kyaftin, sauko ka shafa da kanka." Ya ƙi. Wai takalminsa zai jiƙe. Takalmi fa!

Ashe Kyaftin ya kai ƙarata. Sai ga wayar manajanmu daga Dubai, yana zaune cikin sanyin ofis. Ya ce, "Kai da ka fito daga Afirka, me ka sani a kan ƙanƙara?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Oga, ni ne yatsuna ke kan fiffiken, kai kana kan kujera. Ba zan rattaba ba."

"Ka tuna fa, takardun bizarka suna kan teburina."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Mata da 'ya'ya uku na bari a Kafanchan, da wannan aikin suke ci. Amma mu huɗu ne za mu shiga jirgin nan, har da ni. Na ce, "Khalas, Oga, magana ta ƙare. Na faɗa." Na kashe wayar.

Kwana biyu muka yi a can kafin gari ya sake. Kyaftin bai ƙara yi mini magana ba har muka sauka a Dubai.

Washegari manaja ya kira ni ofis. Ya turo mini farar takarda da biro, yana murmushi. Layi biyu kawai yake so: in rubuta cewa kuskure na yi, babu ƙanƙara, sai a sabunta mini biza. Haba! In ƙaryata yatsuna? Gobe wani makanikin ya shafa ya ji santsi, a zaro masa takardata a ce ga wanda ya riga ka, shi ma ya janye?

Na tura masa takardarsa yadda ya ba ni ita. Na ɗauki akwatin kayan aikina, na shiga bas zuwa garejojin Ras Al Khor neman aikin gyaran mota. A hanya na kira matata, na ce ta zauna tukuna, akwai magana.