Ludayin Miya Daga Tukunyar Mutane

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, malaminmu ya haɗa ni da wata 'yar ajinmu a bincike ɗaya: mu auna sinadaran da ke cikin abincin da mutanen Keffi ke ci. Ya ce na tukunyar gida yake so, ban da na masu sayarwa. Injin da ke auna sinadarin ƙarfe yana Abuja, kuma ɗaya daga cikinmu kawai za ta kai abincin can a auna. Ni kuwa na karanta bayanin injin nan har ina jin kamar na taɓa shi.

Aikin ɗakin gwaji bai taɓa ba ni tsoro ba. In busar da tuwo, in niƙa, in ɗora a sikeli, in ƙona ya zama toka, duk cikin natsuwa nake yi. Shiga gidan mutane ne ya gagare ni. A garinmu baƙuwa ba ta zuwa da roba ta ce a zuba mata miya ta tafi da ita. A gidan farko, a unguwar Liman Abaji, na yi bayani ina kallon ƙasa. Tsohuwar gidan ta tambaye ni me za a yi da miyar. Na ce za a ƙona ta ta koma toka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe tukunyarta.

Abokiyar aikina ba ta fara fito da roba. Sai ta zauna a tabarma, ta wanke hannu, ta ci ta ƙara, ta ce gishiri ya yi kaɗan, a yi ta dariya. A ƙauyen Gitata ta juya harshe zuwa Gwandara, ni ina gefe riƙe da jaka. Sai za mu tashi take cewa, "Mama, makaranta ce ke son sanin sirrin miyar riɗin nan." A cika mata roba, har da nama a sama.

Ita ce kuma ke barin sikeli da maiƙo. Ni ke gogewa. Duk robar da ta shigo ni ke aikinta, amma kullum malam tambayarsa ɗaya ce: wa ya samo wannan?

Da lokacin tafiya Abuja ya yi, malam ya ce ita za ta je, don a can sai an san yadda ake magana da mutane kafin a ba ka layin amfani da injin. Ni kuma in shirya kwalaben tokar da za ta kai.

Na shirya su, na rufe kowace da kyau, na jera a kwali. Ta rungume ni a tasha ta ce, "'Yar'uwa, zan ɗauko miki hoton injin."

Ta turo kuwa, tana tsaye kusa da injin tana murmushi, hannunta a kan murfinsa. Sai bayan kwanaki na iya ba ta amsa.