Garzali da Inabin Wasu

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha, mai gadaje hawa biyu, ya san doka ɗaya: kowane ɗan itace za ka iya shigowa da shi, ban da inabi. Sherif, wani ɗan Zangon Kumasi mai aikin gadi, ya taɓa mantawa ya shigo da leda guda, har yana cewa, "Garzali, yalla, zo mu ci." Garzali ya zura takalminsa ya fice cikin zafin nan na Doha mai dafa ƙwaƙwalwa, bai dawo ba sai da aka cinye aka share wurin.

Ga shi kuwa a cikin inabi ya tashi. Ɗan Hunkuyi ne, can ƙasar Zazzau. Mahaifinsa, Malam Ja'afaru, ya dasa inabi tun ana yi masa dariya, ana cewa ya bar masara ya koma kiwon igiya. Garzali ne ɗan da ya gaji hannunsa wajen datse rassa, aikin da in ba a yi shi a kan kari ba, babu 'ya'ya a shekarar. Sai dai gonar ba ta iya ɗaukar gidan duka, shi ya sa ya zo Doha yana tuƙa wani Bature injiniya da matarsa da 'ya'yansu a unguwar Madinat Khalifa. Abu ɗaya ya roƙa tun ranar da ya kama aiki: a riƙa ba shi hutunsa a ƙarshen damina, ya je ya yi wa inabi aski.

A shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta rufe idanun Malam Ja'afaru. Shamsu, ƙanen Garzali, ya tasa tsohon a gaba, wai a tuge inabin a shuka tumatir, tunda ba mai kula da shi. Tsohon ya kira Doha.

"Garzali, in ka zo bana, inabin nan ya zauna. In ba ka zo ba, ba ni da bakin da zan hana Shamsu."

"Ina nan tafe, Baba, in Allah ya yarda."

Ana saura kaɗan ya tafi, Madam ta kira shi falo, fuska a sake. Za su ƙasar Jojiya, yankin da ake noman inabi ana yin giya. Ita da maigida duka za su ɗanɗana, saboda haka suna bukatar direban da ba ya sha. "Kai ne daidai, Garzali! Da mun dawo sai ka wuce gida." Wato addininsa ne ya yi musu rana. Ransa bai so ba, amma mutumin da sunansa ke kan takardar zamanka ba a cika yi masa gardama ba.

Abin da ya gani a can, har yau in ya tuna sai ya yi tsaki. Daga wannan gidan giya sai wancan. Su shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a zuba musu a kofi, su jujjuya, su sansana, su kurɓa, wani lokacin ma su tofar a bokiti. Mutum ya hau jirgi ya zo tofarwa! Shi kuwa yana jikin mota yana jira. In lokacin salla ya yi, ya nemi gefen gona inda warin bai kai ba. In sun fito suna tangaɗi suna shewa, ya zuba su a baya, ya bi da su hanyoyin duwatsu masu kwana-kwana, yana addu'a kada wani ya yi masa amai a kan kujera.

Amma fa ɗan inabi ɗan inabi ne. Wata rana da jiran ya yi tsawo, ya shiga tsakanin layukan, ya ga yadda suka ja waya, ya ga nonnan inabin suna reto har ƙasa, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ya tallabo nono ɗaya, ya ɗauki kansa hoto yana washe baki, ya tura wa ƙanwarsa Safiyyatu, ya ce ta kwatanta wa Baba yadda gonar take. A ganinsa tsohon zai ji daɗi. Bai tsaya bayanin abin da ya kai shi ba, don shi kam ya san aiki yake yi.

Da suka dawo Doha ya sami Madam da maganar tafiyarsa. Ta ɗago kai daga wayarta, ta dube shi da mamaki na gaske, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Wane hutu kuma? Ba daga hutu muka dawo ba? Mun kai ka inda ba ka taɓa zuwa ba, ka sha iska, ka ga gonaki. Ga yara sun koma makaranta, wa zai kai su? Khalas, shi ke nan, sai baɗi."

Hutu! Mutumin da ya yi dakon jakunkuna, ya yi gadin mota, ya yi ta jigilar bugaggu a kan dutse, shi ne ya huta. Ya je wurin maigida, maigida ya ɗaga kafaɗa ya ce harkar gida ta Madam ce. Garzali ya fito tsakar gida, ya rasa wanda zai zaga, sai ya kira gida.

Safiyyatu ce ta ɗauka, muryarta a ƙasa. "Yaya, Shamsu ya zagaya gari da hoton nan. Ya ce ka samu hutu ka tafi yawon shan iska ƙasar masu giya. Baba ya sa na sake gaya masa abin da ke ciki. Ya tambaye ni yadda fuskarka take, na ce kana dariya."

Aka miƙa wa tsohon waya.

"Garzali, an ce nasu ya fi namu girma."

"Baba, wallahi aiki ne ya kai ni. Ka ɗan ƙara mini lokaci..."

"Ni zan iya jiranka. Reshe ne ba ya jira." Sannan ya ce, "Na ce wa Shamsu ya kira ma'aikata."

A makon aka tuge inabin kakaf. Safiyyatu ta ce tsohon ya sa an ja shi har gonar, ya zauna a bakin kunya yana sauraron ƙarar gatari.

Garzali yana nan yana tuƙi a Madinat Khalifa, don tumatir ma bai ɗauki gidan ba. Kwanan baya suna tsaye a danja, Madam ta leƙo daga kujerar baya, cike da fara'a.

"Baɗi Afirka ta Kudu za mu, Garzali, da kai. Ai na ga yadda kake son gonar inabi."

Ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, ya kasa motsi.

"Yalla, mu je," in ji ta, "an ba mu hannu."